Yadda shagon iyali zai tsaya wa masu ciwon damuwa a zangon Kumasi

A zango babu mai ganin fuskokin mutane kullum kamar mai sana'a. Likita sai ciwo ya kai ka wurinsa, liman kuwa sahu yake gani, da an sallame kowa ya kama gabansa. Amma Hajiya mai wake a bakin titin Aboabo ta san wanda ya saba sayen na sidi 20, ya koma na 5, daga baya ya daina zuwa. Mai aski ya san saurayin da ya bar gashinsa ya cukurkuɗe alhali da ɗan gaye ne. Mai kanti yana da littafin bashi, kuma littafin bashi yakan nuna halin da gida ke ciki tun maƙwabta ba su ji ba. Wannan sanin shi ne jarin da shagon iyali yake da shi idan yana son ya sa hannu wajen hana mutane kashe kansu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum 700,000 ne ke rasuwa ta wannan hanya duk shekara, kuma kusan kashi 3 cikin 4 a ƙasashe marasa ƙarfi da masu matsakaicin ƙarfi irin namu suke. Shago ba zai zama asibiti ba, kada ma ya gwada. Aikinsa ya lura, ya tambaya, ya raka mutum inda za a duba shi. Ga yadda ake ɗora wannan aikin a kan sana'a ba tare da sana'ar ta durƙushe ba.

Da farko, a zauna a gida

Kafin a buga takarda ko ɗaya, maigida da uwargida da manyan 'ya'yan da ke tsaron shago su zauna su daidaita baki. Wasu iyalan da ke shiga wannan aiki rashi ne ke tura su: ɗa, ko ƙane, ko yaron shago. In haka ne, a yanke shawara tun a wannan zama ko za a ambaci mamacin a bainar jama'a ko ba za a ambata ba. Idan mahaifiyarsa ko matarsa ba ta yarda ba, magana ta ƙare, a yi aikin ba da sunansa ba. Idan an yarda, a faɗi rayuwarsa da irin giɓin da ya bari, a bar yadda abin ya faru, ko da wa ya tambaya.

A wannan zaman ne za a zaɓi mutum biyu, namiji da mace, masu riƙe sirri. Ba lallai sai wanda ya fi kowa karatu ba. A duba wanda mutane suka riga suka saba kai wa kuka. Macen kuwa dole ce, don ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, kuma matar aure ba za ta tsaya gaban kanta ta buɗe wa Alhaji cikinta ba.

Sai kuɗi. A ware wani abu ƙayyadadde daga cinikin mako, kamar yadda ake zuba adashi, a ajiye shi daban a gwangwani ko a wani layin MoMo, wato asusun kuɗi na waya. Kuɗin mota zuwa asibiti, sabunta katin inshora, abincin mai jinya na kwana biyu, nan za su tafi. Ni dai shawarata kada a ce "duk abin da aka saya kaza zai tafi taimako" sai in har za a iya nuna lissafi, don mutanen zango ba sa manta alkawarin kuɗi.

Na biyu, a je asibiti tun babu marar lafiya

Wannan matakin ne aka fi tsallakewa, kuma shi ne ƙashin bayan sauran. Manyan asibitocin ƙwaƙwalwa na gwamnati guda 3 ne a Gana: na Akra, na Pantang da na Ankaful kusa da Cape Coast, dukansu a kudu. Wannan ya sa wasu ke zaton in ba a ɗauki mutum zuwa Akra ba, babu magani. Ba haka ba ne. A nan Kumasi, asibitin koyarwa na Komfo Anokye yana da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, asibitin gwamnati na Tafo ma yana da shi, kuma asibitocin gunduma suna da nas-nas da aka horar musamman don wannan aiki a cikin unguwanni.

Mutanen nan biyu da aka zaɓa su je da ƙafarsu asibitin da ya fi kusa, su nemi nas ɗin lafiyar ƙwaƙwalwa, su gabatar da kansu. Su tambayi ranakun da ake ganin marasa lafiya, ƙofar da ake bi idan abu ya faru da dare, ko akwai mai jin Hausa a sashen, da kuma ko nas ɗin za ta yarda ta zo unguwa ta yi magana idan an gayyace ta ta hanyar ofishinsu. Ranar da aka zo da mutum a rikice ba ranar tambayar hanya ba ce.

Akwai abubuwa uku na doka da ya kamata duk mai tsaron shagon ya haddace, domin tsoro ne ke hana mutane zuwa. Na ɗaya, tun 2012 ƙasar nan take da dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, doka ta 846, wadda ta kafa Hukumar Kula da Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta kuma ba marar lafiya haƙƙin a mutunta shi. Na biyu, wanda ya fi muhimmanci: a ƙarƙashin dokar laifuka ta 1960, wanda ya yi yunƙurin kashe kansa ya tsira a da ana iya gurfanar da shi a kotu, amma a watan Maris na 2023 majalisar dokoki ta gyara wannan sashe. Yanzu marar lafiya ne da ke buƙatar kulawa. Har yau akwai iyalan da ke ɓoye ɗansu a ɗaki don gudun 'yan sanda, saboda labarin gyaran bai iske su ba. Na uku, daga watan Nuwamba na 2024 inshorar lafiya ta ƙasa ta shigar da cututtukan ƙwaƙwalwa guda 4 cikin abin da take biya, ciki har da ciwon damuwa da na fargaba. Katin da ya mutu ana sabunta shi ta waya da *929#. Wannan kaɗai, in yaron shago ya iya yi wa tsofaffi, aiki ne babba.

Na uku, a fara da mutanen cikin shago

Ba shi da kyau a rataya allo a waje ana kiran jama'a su kula da juna, a ciki kuwa ɗan koyo yana wuni yana shan zagi. Telolin Asawase, makanikan Suame, masu gidan abinci da 'yan matan da ke yi musu wanke-wanke, duk akwai yara a hannunsu da suka baro iyayensu a arewa. A ba su ranar hutu. A daina kunyata yaro gaban abokan ciniki don ya ɓata yadi. In kuɗi ya ɓata a hannunsa, a kira shi gefe.

Abin da ake lura da shi canji ne. Mai surutu ya yi tsit, mai ci ya daina ci, barci ya ƙaurace ko ya yi yawa, aikin da yake so ya fita ransa, kuma abin ya wuce mako 2 bai sake shi ba. Sai kuma maganganu irin "na gaji da duniyar nan", "ni kaya ne a kanku", "kwanan nan za ku huta da ni". Wanda ya fara rabar da kayansa, ko yana bin mutane yana neman gafara ba tafiya zai yi ba, a dube shi da kyau. Haka wanda ya daɗe cikin ƙunci sai rana ɗaya aka gan shi ya natsu ba tare da matsalarsa ta warware ba. Wani lokaci natsuwar wanda ya riga ya yanke shawara ce. Wanda kuma ya taɓa yunƙuri a baya ya fi kowa zama cikin haɗari.

Abubuwan da ke tura matasanmu bango sanannu ne: cacar ƙwallo ta waya, bashin manhajojin da ke bin lambobin mutum suna tona masa asiri, tiramadol da ƙwayar da ake kira Red, auren da ya mutu, tafiya waje da aka sayar da komai dominta ta ƙi yiwuwa. A ɓangaren mata akwai damuwar bayan haihuwa, wadda sau da yawa ake ɗauka shagwaɓa ce. Mai jegon da aka yi suna aka watse, makonni suka wuce tana kuka, ba ta son ɗaukar jaririn, asibiti take buƙata.

Na huɗu, yadda ake tambaya

Nan ne zuciya ke bugawa, don haka bari in daɗe a kai. Kada a yi a gaban mutane, kada kuma a yi a tsaye. A bari a rufe shago, ko a ce ya raka ka sayen zare, ko a zauna a kan benci ana jiran ataya ta nuna. Ka fara da abin da idonka ya gani:

"Ɗana, kwana biyu na ga abincinka yana kwana a kwano, aikin ma hannunka ne kawai ke yi. Me ke damunka?"

Zai ce, "Ba komai, Masta." Kowa haka yake cewa. Kada ka cike shirun da nasiha. Ka zuba masa shayi, ka jira. In ya fara magana, ka bar shi ya kai aya ko da abin da yake faɗa a wurinka ƙarami ne. Budurwar da ta ƙi shi ko sidi 800 da caca ta cinye ba komai ba ne a idon mai shekara 50, amma shi su ne suka rufe masa gaba da baya.

Idan maganarsa ta nuna ya yanke ƙauna, ka tambaye shi kai tsaye, da murya a kwance: "Tunanin kashe kanka yana zo maka?" Mutane suna tsoron wannan tambaya, wai kada a sa masa abin da babu a ransa. Masana sun bincika, tambayar ba ta shuka tunanin. Sau da yawa ma sauƙi mutum ke ji don an samu wanda bai tsorata da shi ba. Abin da ba ya aiki shi ne kewaye-kewaye irin "ba dai wani shirme kake tunani ba ko?" Wannan tambayar ta riga ta gaya masa amsar da kake so.

In ya ce e, kada ka yi salati da ƙarfi ka miƙe tsaye. Ka ce masa, "Na gode da ka gaya mini. Ba zan bar ka kai kaɗai da wannan ba." Sannan ka ci gaba: ya tsara yadda zai yi? Abin yana hannunsa? Ya sa lokaci? Ya taɓa gwadawa? Yawan "e" a nan shi ne girman haɗarin.

Akwai maganganun da bakinmu ya saba da su waɗanda a wannan lokacin rufe ƙofa suke yi. "Kai ba namiji ba ne?" "Wasu sun fi ka shiga uku." "Rashin imani ne." Haramcin kashe kai ya san shi tun yana makarantar allo, kuma sau da yawa wannan sanin ne ya ƙara masa jin cewa shi lalatacce ne. In za a kawo addini, a kawo ɓangaren rahama. Ayar Suratun Nisa'i ta 29 da ta hana kashe kai da ambaton jinƙan Allah ta ƙare. Kuma kada ka rantse masa cewa ba wanda zai ji. Ka ce, "Ba zan yaɗa ba, amma dole mu sa mutum ɗaya a ciki. Wa ka fi yarda da shi, Inna ko Yaya?" Bar shi ya zaɓa.

Mace da mace ma haka ne, sai dai wurin ya bambanta: wajen kitso, ko bayan an sauke tukunya. "Ƙanwata, tun bayan suna ban ga dariyarki ba. Zauna ki gaya mini."

Na biyar, idan abin na gaggawa ne

Wanda ya tsara, kuma abin yana kusa da shi, ba a barinsa shi kaɗai ko na shiga wanka. A kawar da duk abin da zai iya cutar da kansa da shi, a kira wanda ya zaɓa, a tafi asibiti a ranar, ko da pragya ne, wato keke mai ƙafa uku. Lambar gaggawa ta ƙasa 112 ce. Hukumar Kula da Lafiyar Ƙwaƙwalwa tana da layin kyauta, 0800 678 678. Duk lambar da za ku liƙa a bango, ku fara kiranta da kanku ku ji yadda ake amsawa.

Idan mutum ya riga ya sha wani abu, kada a ɗura masa manja ko madara, kada a sa masa yatsa don ya yi amai. Wannan al'adar tana iya tura abin cikin huhu ta ƙara ɓarna. A kwantar da shi ta gefe idan ya galabaita, a ɗauki kwalbar ko kwalin abin da ya sha a tafi da shi, likita yana buƙatar ganinsa. Ko ya ce ya ji sauƙi a tafi, don wasu abubuwan sai bayan kwana ɗaya ko biyu suke nuna illarsu.

Na shida, abin da ke kan kanta

Wannan ya shafi masu sayar da maganin gona, maganin ɓera da na ƙwari, da masu kyamis. Kusan 1 cikin 5 na masu kashe kansu a duniya da maganin gona ne, kuma nisanta mutum da abin yana cikin hanyoyin da aka tabbatar suna rage mutuwa, domin tsananin tunanin yakan zo ne ya wuce. Irin waɗannan kaya a sa su a bayan kanta cikin kabad mai makulli. Kada a ɗura su a robar ruwa ana sayarwa kaɗan-kaɗan, kada a ba yaro ɗan aike. Wanda ya zo a birkice, ba manomi ba, bai ma san sunan abin da yake nema ba, a ce masa ya ƙare, a ja shi da hira. Cinikin sidi 30 ne ya tafi.

Na bakwai, a je wurin malamai

Duk abin da za a yi a zango ba tare da liman da sarki da magajiya ba, a bakin ƙofa zai tsaya. A kai musu gaisuwa, a gaya musu abin da aka ji a asibiti, musamman gyaran dokar 2023. Ba a zuwa da faɗa kan aljanu ko sammu. Iyali za su kai ɗansu ruƙiyya ko kun so ko kun ƙi, kuma addu'a ba ta hana magani aiki. Roƙon da za a yi wa malam guda biyu ne: kada ya ce a ajiye maganin asibiti, kuma in ya ga wanda ke maganar mutuwa ya turo shi. Abin da ba a sassauci a kai shi ne ɗaure marar lafiya da mari, ko dukansa, ko hana shi abinci da sunan magani. Doka ta hana, kuma in an gani a sanar da nas ɗin unguwa.

Limamin da ya gamsu, huɗubarsa ɗaya ta Juma'a za ta kai inda takardunku 1,000 ba za su kai ba.

Sai a fito fili

Yanzu ne lokacin allo da takarda. A rubuta gajere da Hausa da Turanci, in da hali da Tuwi: ciwon damuwa ciwo ne, yana da magani, ga inda ake zuwa, ga lamba. A liƙa inda mutum zai karanta ba tare da an ga yana karantawa ba, kamar gefen madubin aski ko kusa da wurin wanke hannu. Ƙananan katuna a jefa cikin leda tare da kaya, kowa a ba shi, don kada wanda aka ba ya ji an nuna shi.

Ranaku biyu sun dace da taro: 10 ga Satumba, ranar hana kashe kai ta duniya da aka fara a 2003, da 10 ga Oktoba, ranar lafiyar ƙwaƙwalwa. Ba sai an kama zaure ba. Rumfa, benci, koko da ƙosai, nas ta yi minti 20, liman ya yi 10, a bar sauran lokacin ga tambaya. A ajiye kwali da takardu don masu jin nauyin ɗaga hannu su rubuta. Na mata a yi shi daban. In kuna biyan talla a gidan rediyo irin Zuria FM, ku ba da rabin lokacin ga wannan saƙo. Sunan shago ya zauna ƙarami a ƙasa. Da zarar mutane sun ji ƙanshin talla, sun janye.

A WhatsApp kuwa doka ɗaya ce: ba a tura hoton gawa, ba a tura wasiƙar da mamaci ya bari, ba a bayyana yadda ya yi ko inda ya yi. Irin wannan yaɗawa tana jan wasu masu rauni su kwaikwaya. In wani ya turo cikin zauren unguwa, ku bi shi ta gefe ku roƙe shi ya goge, ku kuma sa lambar taimako a wurin.

Bayan an dawo daga asibiti

Makonnin farko bayan sallama lokaci ne mai haɗari, kuma daidai lokacin ne 'yan dubiya ke ɗaukewa. A riƙa leƙa shi. A mayar da shi bakin aiki da abu mai sauƙi, ko gugar kaya ce, kada a zaunar da shi a ɗaki ana kallonsa. Maganin damuwa yakan ɗauki mako 2 zuwa 4 kafin a fara ganin amfaninsa, don haka a gaya wa iyali tun wuri kada su ce bai karɓe shi ba, kada kuma ya daina sha don ya ji sauƙi sai likita ya ce. Maganin ya zauna a hannun wani babba a gida, a riƙa ba shi na ranar. Idan azumi ya gabato, a tambayi likita yadda za a juya lokutan sha.

In kuma duk da ƙoƙari an yi rashi, ku je ta'aziyya kamar yadda ake zuwa kowace, ku zauna, ku kai abinci, ku hana masu tambayar "yaya aka yi". Iyaye da 'yan'uwa da abokan mamacin su ma yanzu suna cikin waɗanda za a sa wa ido, har bayan sadakar arba'in.

Su kuma mutum biyun nan da aka ɗora wa aikin, a riƙa canza su duk bayan 'yan watanni, a kuma sa musu lokacin da wayarsu ke kashe, da wanda zai karɓa in sun kashe. Duk wata su koma wurin nas ɗin su faɗi abin da suka gani ba tare da ambaton sunaye ba, ita ma ta tambaye su yadda suke barci.